Bikin kaka na 'yan Fegan a Amurka: abin da ake tarawa a ƙofa

An daɗe ana cewa 'yan Fegan, masu farfaɗo da addinan Turai na kafin Kiristanci, Shaiɗan suke bauta wa, kuma jini suke zubarwa a bikinsu na kaka. Ba haka ba ne. Mafi yawansu ba su ma yarda akwai Shaiɗan ba.

Bikin yakan zo ne wajen 22 ko 23 ga Satumba, lokacin da dare da rana suke daidaita. Taron bikin da ake buɗe wa jama'a galibi a filin shaƙatawa na gari ake yinsa, kowa na iya zuwa ya yi tambaya, a kuma yi masa bayani. Maimakon kuɗin shiga, abinci ake kawowa: shinkafa, wake, taliya, kifin gwangwani, a miƙa wa rumbunan ciyar da mabuƙata. Inda ake samun tangarɗa shi ne gwangwanin da ya kumbura, ko wanda aka riga aka buɗe, ko girkin gida, domin rumbunan ba sa karɓar su.

Mai son tabbatarwa ya karanta sanarwar taron, ya ga sunan rumbun, ya tuntuɓe shi kai tsaye.

Don Allah a tura wa 'yan uwa su karanta.