Maƙalewar tagar rufin mota

Tagar rufi gilashi ne da ke saman wasu motoci, wanda ake ɗagawa ko a ja shi baya don iska ta shigo. Makanikan Yamai sun fi saninta da sunanta na Faransanci, toit ouvrant. Ƙaramin injin lantarki mai aiki da volt 12 na batir ne ke jan igiyoyin ƙarfe biyu, su kuma su zame da gilashin bisa hanyoyi biyu, dama da hagu. Maƙalewa ita ce gilashin ya ƙi motsi, ko ya tsaya a rabi, ko ya karkace.

Makaniki kunne yake fara sawa kafin hannu. In an danna maɓalli aka ji tsit, matsalar ta wuta ce: fuzibil (ƴar wayar da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa) ya ƙone, ko maɓallin ya mutu, ko injin tagar kansa. Da fuzibil ake farawa, shi ya fi arha. In kuwa injin na gurnani gilashi na nan daram, wani abu ne ya tokare hanya, ko haƙoran da ke jan igiya sun cinye.

A Yamai da Tawa, ƙura ce kan gaba. Yawancin motocin nan an ƙera su ne don wata ƙasa, ba don hazon hunturu ba. Rairayi yana sauka cikin hanyoyin, ya cakuɗe da tsohon giris, ya zama wani baƙin kwaɓi mai kauri da za ka iya kankarowa da farce. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, ya busar da robar bakin gilashi har ta manne. Maganinsa tsumma da ƙaramin buroshi, sannan giris na silikon ɗan kaɗan. Baƙin man inji da wasu ke ɗurawa ɓarna ce zalla, domin yana kama ƙura, yana kuma cin roba.

Wasu motocin kan manta iyakar tagarsu bayan an cire batir, sai ta rufe ta sake buɗewa da kanta. Ana saita ta ta hanyar riƙe maɓallin ɗagawa na ƴan daƙiƙu, gwargwadon yadda littafin motar ya nuna.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ta maƙale a buɗe ga hadari ya haɗo. Motoci da dama suna da mafita: a ɓalle murfin da ke kusa da fitilar ciki, akwai rami mai kusurwa shida a jikin injin, a sa makullin Allen, wato lanƙwasasshen ƙarfe mai kusurwa shida, galibi mai kaurin milimita 4 ko 5, a juya sannu a hankali. In ya cije, a dakata. Tura gilashi da ƙarfin tuwo yana karya ƴan robobin da ke riƙe shi, samunsu kuma da wuya. Gara a shimfiɗa leda a liƙe gefunanta har a isa gareji.