Hawan Dutsen Tebur na Cape Town: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin dutse ne?

Shi ne dutsen da ya yi wa birnin Cape Town na Afirka ta Kudu rumfa, wanda aka sani da Table Mountain. Tsayinsa ya haura mita 1,080, samansa kuma shimfiɗaɗɗe ne, kusan kilomita 3 daga wannan gefe zuwa wancan. Yana cikin gandun dajin ƙasa da aka kafa a 1998, wanda ya miƙa daga tudun Signal Hill har Cape Point, wani tsinin ƙasa da ya shiga teku a can kudu.

Yaya ake hawa?

Ko a ƙafa, ko a motar igiya, wato ɗaki mai tagogi da ke rataye a igiyar ƙarfe. Tun 1929 ake wannan jigila. Motocin yanzu, waɗanda aka sa a 1997, kowace na ɗaukar mutum 65, kuma daɓenta na juyawa don kowa ya ga ko'ina. Minti biyar an kai. Mai ƙarfin gwiwa ya bi Platteklip Gorge, hanyar da António de Saldanha ɗan Fotugal ya bi a 1503. Matakalar duwatsu ce zalla, awa biyu zuwa uku, ga inuwa kaɗan.

Wace rana ta fi dacewa?

Nan ne baƙi ke yin asara. Kada ka ajiye hawan sai ranar ƙarshe ta tafiyarka. Iska mai ƙarfi kan taso daga kudu maso gabas, ta tura danshin teku sama, sai gajimare ya lulluɓe kan dutsen yana kwararowa ta gefe. Daga ƙasa abin sha'awa ne. A sama kuwa ko gabanka ba za ka gani ba, kuma in iskar ta yi yawa sai a tsayar da motar igiya, ko da kana riƙe da tikiti. Safiyar da ka tashi ka ga dutsen fes, ajiye sauran shirye-shirye ka nufi can. Ka tuna yanayinsu ya saɓa da namu: zafi a Disamba zuwa Fabrairu, ruwa da sanyi a Yuni zuwa Agusta, lokacin da akan rufe motar na ɗan lokaci don gyara.

Me zan gani?

Birnin gaba ɗaya, da teku, da tsibirin Robben inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 a tsare. Akwai tsirran fynbos, wato gajerun shuke-shuken daji masu ƙananan ganye, da yawansu ba sa fitowa a ko'ina a duniya sai wannan yanki. Rema kuwa birjik a kan duwatsu. Kada a ba su abinci.

Akwai haɗari?

Akwai. Ana ɓata a hazo, ana faɗuwa, an kuma sha yi wa masu tafiya su kaɗai fashi. Ku tafi a rukuni, da ruwa da rigar sanyi ko da ana zafi a ƙasa. Gobara ma ba wasa ba ce: ta Afrilun 2021 ta gangaro har ta ci ɗakin karatu na Jagger a Jami'ar Cape Town.

Salla da abinci fa?

Unguwar Bo-Kaap na gindin Signal Hill. Can ne Masallacin Auwal yake, na farko a ƙasar, tun 1794, kuma abincin halal ba ya wuya.