Dokar tantance illar manyan ayyuka: ba da mai injin markaɗe ake ba

Tun makon jiya wani saƙon murya yake yawo a WhatsApp, wai duk mai sana'a a Kano, daga ɗan Kantin Kwari har mai injin niƙa a lungu, sai ya mallaki takardar tantance muhalli ko ya sha ɗaurin shekara biyar. Maƙwabcina mai markaɗe ya tare ni bayan sallar asuba, ko carbinsa bai mayar aljihu ba: "Malam, mu ma za a zo kanmu ke nan?" Na ce, Alhaji, je ka kunna injinka.

Dokar nan ba sabuwa ba ce. Tun zamanin Babangida aka kafa ta, doka mai lamba 86 ta 1992, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke kula da ita yanzu. Manyan ayyuka ta nufa, irin su masana'antu, madatsun ruwa, da rukunin gidajen da ya kai hekta 50 ko fiye, kuma kafin a kafa harsashi ake tantancewar.

Wasu kuma sun ɗauka idan kamfani ya haƙa rijiyar burtsatse, ya raba shinkafa da azumi, shi ke nan ya fita. Ko kusa! Awo ake nema. Masana su ɗebi ruwan rijiya da ƙasar wurin su kai ɗakin gwaji, su auna iska da ƙarar injuna, su bi gida-gida suna tambaya: da me kuke ci, gonar wa za ta tafi, wace cuta ta fi damun yara? Sannan a baje rahoton kwana 21 na aiki, mai ƙorafi ya rubuta. Wanda ya taɓa shaƙar warin ruwan majema a Sharaɗa ko Challawa, ko ya ga launin ruwan rafin Getsi mai gangarowa daga masana'antun Bompai, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

To, shekara biyar ɗin fa? Tana cikin dokar, amma sai ga wanda dokar ta hau kansa ya ƙi bi, kotu kuma ta kama shi da laifi: tarar naira 100,000 ko ɗaurin shekara biyar. Kamfani kuwa daga naira 50,000 zuwa miliyan ɗaya. A duba da kyau, ƙaramar tarar kamfani rabin ta mutum guda ce. A 1992 miliyan ɗaya dukiya ce. Yau kamfanin da ya ɓata wa unguwa guda rijiyoyinta zai biya abin da bai kai kuɗin sabuwar Adaidaita Sahu ba.