Sinadarin da ke ƙyalli idan ya ci karo da dalma a ruwa

Masu lambu a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, a Jihar Filato, sun daɗe suna ban ruwa da kududdufan da haƙar kuza ta bari. Kabeji da karas da latas ɗin da ake lodi daga can ne ke ƙarewa a tukwanenmu, shi ya sa ake yawan tambaya ko akwai hanyar gane gubar ƙarfe, irin su dalma, a ruwa nan take. Hanya ɗaya ita ce sinadarin da ke ƙyalli idan ya haɗu da ƙarfen.

Ruwan da ke garau, ina ƙarfe ya ɓuya a cikinsa?

Narkewa yake yi ya zama ƙwayoyi masu cajin lantarki da ake kira ayon. Ba launi, ba wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dalma kada ta wuce maikurogiram 10 a litar ruwan sha, wato giram ɗaya a lita 100,000. Ido bai isa ya ga wannan ba.

Wane irin ƙyalli ake nufi?

Wanda ya taɓa ganin ma'aikacin banki ya sa takardar kuɗi ƙarƙashin fitilar nan mai shuɗi-shuɗi, wasu zane-zane suka fito fes, ya riga ya gan shi. Akwai sinadaran da ke shanye haske mai ƙarfi, su dawo da shi nan take da wani launi mai ƙarancin ƙarfi. George Stokes ya bayyana haka a 1852 da ruwan kwinin, maganin zazzaɓi, wanda ke ƙyallin shuɗi.

To yaya sinadarin ke sanin ga ƙarfe ya zo?

Nan ne gwanintar take. Ana ƙera ƙwayar sinadari mai sassa biyu haɗe da juna: ɗaya mai ƙyalli, ɗaya mai cafke ayon. An auna bakin mai cafkewar daidai da girma da cajin ƙarfen da ake nema, kamar kwaɗo da makullinsa. Muddin babu komai a bakin, sai ya riƙa tura wa mai ƙyallin ƙwayar lantarki da ke kashe hasken, komai ya zauna duhu. Da zarar ayon ya shiga, ƙwayar lantarkin ta ɗaure a jikinsa, haske ya taso. Gwargwadon yawan ƙarfen, gwargwadon ƙarfin hasken, na'ura kuma ta mayar da shi lamba.

Akwai masu aiki akasin haka, suna ƙyalli sai ƙarfe ya dushe su, kamar yadda tagulla kan yi. Ni dai ban cika sakin jiki da irin waɗannan ba, domin abubuwa da yawa na iya dushe haske ko babu ƙarfen da ake nema.

Sabon abu ne?

Ko kusa. Tun 1867 Friedrich Goppelsröder ya nuna cewa morin, wani sinadari da ake samu daga itace, yana ƙyallin kore idan ya haɗu da alminiyam. A 1985 Roger Tsien da abokan aikinsa suka fito da Fura-2, wanda ke nuna hawa da saukar kalsiyam a cikin ƙwayar halitta mai rai. Aikin A. P. de Silva a Belfast kuwa ya kai ga na'urorin asibiti masu auna sodiyam da fotasiyam da kalsiyam a jini. Na dalma ya samu ci gaba a shekarar 2000, lokacin da Yi Lu na Jami'ar Illinois ya yi amfani da zaren DNA da ke tsinkewa idan ya haɗu da ita, ƙyalli ya bayyana.

Da akwai shi a Zamfara a 2010, da an tsira?

Da wuya. Yara kusan 400 da suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum ƙurar duwatsun zinare masu ɗauke da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ce ta fi yi musu illa. Wannan gwajin narkakkiyar dalma yake gani. Ƙasa da ƙura sai an jiƙa su da asid, ko a haska su da na'urar XRF ta hannu mai gano ƙarafa da hasken X-ray, wadda ita aka yi aiki da ita a ƙauyukan.

Idan bai yi ƙyalli ba, ke nan ruwan lafiya lau?

A'a, kuma nan ne mutum zai iya yaudarar kansa. Kowane sinadari ƙarfe ɗaya ko biyu ya sani. Na dalma ba ruwansa da zaiba. Tutiya da kadmiyam sun yi kama ƙwarai, har sinadari kan ɗauki ɗaya a matsayin ɗayan. Tsamin ruwa na sauya sakamako. Ruɓaɓɓen ganye da laka suna da nasu ƙyallin, suna kuma riƙe ƙarfen su hana shi shiga baki. Da yawa daga cikin waɗanda ake yabawa a mujallun kimiyya ma a tsabtataccen ruwan ɗakin gwaji aka gwada su, wasu har da gaurayen sinadarin narkarwa. Ruwan kududdufi a watan Maris, ya ja baya ya yi kauri, wani abu ne daban. Ga kuma monazait, wani ma'adini mai tururin nukiliya a tarkacen kuzar Filato, wanda wannan gwaji bai ma san da zamansa ba.

Me mai lambu ko mai rijiya zai yi?

Amfanin gwajin shi ne tacewa: a zagaya rijiyoyi da yawa cikin yini guda, a ware waɗanda suka nuna alama. Tabbatarwa sai ɗakin gwaji mai na'urar AAS ko ICP-MS, masu auna ainihin adadin ƙarfe a ruwa. A ɗebi ruwan a sabuwar gorar roba mai tsabta, ban da gwangwani, a rubuta wuri da rana, a yi haka da rani a sake da damina. Kada a dogara da tafasawa, domin ruwan ne ke ƙonewa, dalmar tana nan a tukunya.