Mallakar Bindiga a Hannun Farar Hula a Sudan

Mallakar bindiga a hannun farar hula batu ne da aka daɗe ana taƙaddama a kansa a Sudan, tsakanin masu ganin makami ne kaɗai ke kare ƙauye idan hukuma ta yi nisa, da masu ganin yawan makaman ne ya mai da rikicin gona da kiwo ya zama yaƙi. Cibiyar Small Arms Survey ta Jeneba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan 2.8 a hannun jama'a, wato tun kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin ƙasar da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF (Rapid Support Forces).

Tarihi

Riƙe makami tsohuwar al'ada ce a ƙasar: mutanen Beja na gabas an san su da takobi, a Darfur kuma namiji kan ɗaura wuƙa a damtse. Bindiga ta yaɗu ne a ƙarni na 19, zamanin mulkin Turkawa da Misirawa, lokacin da fataken hauren giwa da bayi irin su Zubairu Pasha suka tara rundunonin kansu. Mayaƙan Mahadi, wato Muhammad Ahmad da ya yi wa wannan mulki tawaye, sun fara da mashi da takobi, sannan suka ci ganimar dubban bindigogi ƙirar Remington, musamman bayan sun murƙushe rundunar Masar da Hicks Pasha ke jagoranta a Shaikan a Nuwamban 1883. Duk da haka ba a sakar wa kowa su ba, domin Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, ya tanadi rumbun makamai a Umdurman, wanda ake kira Baitul Amana. Bayan yaƙin Karari na 2 ga Satumba, 1898, wanda aka murƙushe rundunar Halifa a cikinsa, Turawan Ingila sun tsaurara ƙa'idar riƙe bindiga, suka kuma bar sasanta rikici a hannun sarakunan gargajiya.

Al'amura sun sauya ne daga farkon shekarun 1970, lokacin da gwamnatin Numairi ta rushe tsarin sarautun gargajiya, wanda ya raunana dattawan da ke zaman sulhu, su yanke diyya, su tsare burtali. Fari da yunwar 1984 zuwa 1985 sun koro makiyaya kudu zuwa gonakin manoma, a daidai lokacin da yaƙin Chadi da Libiya ke kwararo bindigogin Kalashnikov, waɗanda ake kira kilash, cikin Darfur. Gwamnatocin Hartum sun ƙara wa wutar fetur: a tsakiyar shekarun 1980 aka ba 'yan ƙabilun Misiriya da Rizegat makamai don su yaƙi 'yan tawayen kudu, a 1989 aka kafa dakarun sa-kai na Difa'ush Sha'abi, bayan 2003 aka yi amfani da mayaƙan sa-kai na Janjawid a Darfur, kuma daga cikinsu aka gina rundunar RSF a 2013. Wannan tarihi yana nuna cewa kaso mai yawa na makaman hukuma ce ta raba su da hannunta.

Doka

Dokar makamai da harsasai da abubuwan fashewa ta 1986 ta wajabta lasisi. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sanya wa Darfur takunkumin makamai a 2004, ya faɗaɗa shi a 2005.

Karɓar makamai

A 2017 gwamnatin Umar al-Bashir ta ƙaddamar da gangamin karɓar makamai ƙarƙashin mataimakin shugaban ƙasa Hassabo Muhammad Abdurrahman, aka haɗa da motocin fasa-ƙwauri marasa rajista da jama'a ke kira Boko Haram. Musa Hilal, tsohon jagoran Janjawid a Darfur, ya ƙi miƙa makaman mutanensa, aka kama shi a Mistariha a Nuwamban shekarar. Babban ƙorafin da aka yi shi ne cewa RSF, wadda ke da hannu a rikicin, ita aka sa ta kwance wa abokan hamayyarta ɗamara.

Hausawan Sudan

Hausawa sun zauna a gaɓar Shuɗin Nilu, da Jazira, da Gadarif, da Kasala, wasu ta hanyar aikin hajji, wasu kuma cikin ayarin da ya yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Galibinsu manoma ne da masunta da 'yan kasuwa. A Yulin 2022 rikici ya tashi tsakaninsu da wasu ƙabilun jihar Shuɗin Nilu a kan mallakar ƙasa da buƙatar Hausawa ta samun sarautar kansu, aka kashe mutane da dama a yankin Rusairis, dubbai suka bar gidajensu. A Oktoba faɗan ya sake tashi a Wad al-Mahi, inda rahotanni suka ce an rasa rayuka kusan 200. Bayan haka tambayar ko al'umma ta nemi makami ko ta jira jami'an tsaro ta zama maganar rai da mutuwa ga iyalai da yawa.

Muhawara

Masu goyon bayan kare kai suna kafa hujja da abin da ya faru bayan RSF ta kama Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, a Disamban 2023, lokacin da aka wawashe ƙauyukan Jazira, aka kuma yi kisan gilla a Wad an-Nura a Yunin 2024. A wannan lokaci ne kiran ɗaukar makami da sunan turjiyar jama'a ya bazu a jihohin arewa da gabas, da amincewar sojoji. Suna kuma dogara da halaccin kare rai da iyali da dukiya a shari'ar Musulunci.

Masu adawa, ciki har da ƙungiyoyin farar hula da dama, suna cewa bindigar ƙauye ba ta tare motocin yaƙi, sai dai ta jawo ramuwar gayya, kuma makamin da aka raba da wuya ya dawo rumbu. Misalinsu shi ne Darfur.

A kan tushen tashin hankalin, masana sun rabu: wasu sun fi ba fari da ƙarancin ƙasar noma muhimmanci, wasu kuma siyasar Hartum ta ba ƙabilu makamai da mai da yankunan karkara saniyar ware.