Satar fasaha: laifi biyu da muke kira da suna ɗaya

Tun da manhajar ChatGPT, mai rubuta wa mutum abin da ya nema, ta shiga wayoyin ɗalibai, maganar satar fasaha ta zama ruwan dare. Ana jin ta a rediyo, lakcarori suna gargaɗi da ita a makon farko na zango, 'yan siyasa ma suna jifan juna da ita. Abin da ke damuna shi ne laifi biyu ne daban muka cusa cikin suna ɗaya, kuma ɗalibin aji ɗaya a jami'a shi ke kwana ciki.

Yawancinmu daga bakin 'yan Kannywood muka fara jin kalmar, lokacin da suke kuka da masu kwafar faifan fim su sayar a kasuwa ba izini. Wannan keta haƙƙin mallaka ne. Asarar ta kuɗi ce, mai kayan shi aka cuta, kuma da ya ba da izini magana ta ƙare. Da wannan fahimtar yaro yake shiga jami'a. Shi ya sa in aka kama shi, da zuciya ɗaya zai ce, "Malam, ai a intanet na samu, kyauta ne," ko "Abokina ne ya ba ni da hannunsa."

To, a rubutun jami'a ba wannan ake nufi ba. Laifin shi ne ka ɗauko magana ko tunanin wani ka miƙa da sunanka, ka bar mai karatu yana zaton daga kanka ya fito. Wanda aka yaudara shi ne malamin da zai ba ka maki. Saboda haka izinin mai rubutun ba ya wanke ka, rasuwarsa shekara ɗari da suka wuce ma haka.

A watan Satumba na 2016, Shugaba Muhammadu Buhari ya karanta jawabin ƙaddamar da shirin nan na cewa canji daga kan mutum yake farawa. Ba a jima ba aka gano wani sakin layi a ciki ya yi daidai da jawabin da Barack Obama ya yi a daren da ya ci zaɓe a 2008, inda yake kira a guji ɓangaranci da ƙananan rigingimun da suka gurɓata siyasa. Fadar shugaban ƙasa ta amsa laifi, ta ɗora shi kan wani ma'aikaci mai rubuta jawabi. Watanni kaɗan bayan haka, a Janairun 2017, jawabin rantsar da Nana Akufo-Addo na Gana ya zo da jimlolin tsofaffin shugabannin Amurka Bill Clinton da George W. Bush, ofishinsa ya nemi afuwa. Obama bai yi asarar ko sisi ba, bai kai kowa ƙara ba, amma abin kunya ne ƙwarai, domin 'yan ƙasa sun saurara suna ɗaukar kalmomin a matsayin na shugabansu. Da marubucin ya ƙara "kamar yadda Obama ya faɗa", da babu wanda zai ce uffan, jawabin ma da ya fi armashi. A Jamus abin ya wuce kunya: a 2011 Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin dakta na ministan tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg, ya kuma sauka daga muƙaminsa.

Akwai wata dabara da manyan ɗalibai ke koya wa ƙanana, wai ka canza kalmomi kawai, inda aka ce "babba" ka sa "ƙato". Wannan sauya wa akuyar sata launi ne, mai ita dai bai canza ba. Tunanin da tsarin hujjar na wani ne, dole a ambace shi. Manhajar Turnitin da jami'o'i da dama ke amfani da ita ta ƙara rikita lissafin, don ɗalibai sun mai da kason da take fitarwa tamkar hukuncin alƙali. Alhali kamannin jimloli kaɗai take aunawa. Tana iya nuna zancen da ka kawo da madogararsa daidai kamar kwafe ne, ta kuma tsallake furojet ɗin da aka biya wani kuɗi ya rubuta tun daga farko har ƙarshe.

Ban yarda da masu cewa wannan ƙa'ida baƙuwa ce Turawa suka kawo mana ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san ba a jefo magana haka nan, sai an ce wane ya faɗa, daga wane, a littafi kaza. Malamin hadisi Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi, wato jero waɗanda aka karɓo magana daga gare su, yana daga cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Inda aka yi mana illa shi ne sakandare, inda yaro zai shekara shida yana kwafe allo, ya haddace, ya mayar wa malami a jarrabawa, a yaba masa. Rana ɗaya a ce masa wannan ɗabi'ar laifi ce, ba tare da an zaunar da shi an nuna masa yadda ake yi ba. A ganina hukunta ɗalibin aji ɗaya kafin a koya masa zalunci ne.

Abin kuwa ba wuya. In ka ɗauko jimla yadda take, ka sa ta cikin alamar zancen wani, ka kawo sunan marubucin da shekara da shafi. In da kalmominka ka faɗi ra'ayinsa, suna da shekara sun wadatar a tsarin kawo madogara da ake kira APA, sannan cikakken bayani ya zo a manazarta. Abin da kowa ya sani, kamar samun 'yancin Nijeriya a 1960, ba ya bukatar madogara. Bayan ka gama jero abin da wasu suka ce, malamin yana jiran ya ga wanne ka yarda da shi, wanne ka ƙi, da dalilinka. Game da ChatGPT kuwa, dokar ta bambanta daga malami zuwa malami, sai ka tambayi mai kwas ɗin kafin ka miƙa aikin.