Nazarin Tasiri ga Muhalli Kafin Mayar da Ginin Tarihi Tashar Jirgin Ƙasa

Nazarin tasiri ga muhalli bincike ne da doka ke wajabtawa kafin a fara wani babban aiki, domin a gano abin da aikin zai jawo wa ƙasa da ruwa da iska da mutanen da ke zaune kewaye da shi, a kuma tsara yadda za a kauce wa ɓarnar ko a rage ta. Idan aikin na mayar da tsohon gini ne mai daraja ta tarihi ya zama tashar jirgin ƙasa, ko na sabunta tsohuwar tashar da ita kanta ta zama kayan tarihi, to binciken yana ɗaukar wani nauyi na daban, saboda ginin da za a yi aikin a cikinsa yana daga cikin muhallin da ake neman karewa. Ke nan maginin da ya zo gyara shi ne kuma wanda ake tsoron ya yi ɓarna.

Asalin al'adar

A Amurka aka fara mayar da wannan nazari doka, a ranar 1 ga Janairu, 1970, bayan dokar kare wuraren tarihi ta 1966. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka tunzura jama'a har aka kai ga dokar ta 1966 shi ne rushe tsohuwar tashar Pennsylvania da ke New York, wadda aka buɗe a 1910 aka kuma fara rugurguza ta a 1963. A tsallaken titi daga inda take akwai babban gidan waya na Farley, wanda kamfanin zanen gine-gine ɗaya, McKim, Mead & White, ya tsara su tare. Da yake da jirgi ake jigilar wasiƙu a wancan zamani, layukan dogo sun ratsa ta ƙarƙashin gidan wayar tun asali, kuma wannan ne ya sa Sanata Daniel Patrick Moynihan ya dage a mayar da shi tasha. Sai da aka shafe shekaru sama da ashirin ana nazari da sake fasali da neman kuɗi kafin a buɗe zauren jiragen da aka sa wa sunansa a ranar 1 ga Janairu, 2021, a kan kuɗi kimanin dala biliyan 1.6. An bar fuskar ginin da ginshiƙanta yadda suke, aka kuma ɗora rufin gilashi a kan tsofaffin ƙarafan da ke bisa ɗakin da ake tantance wasiƙu a da.

Dokokin Nijeriya

A Nijeriya, jibge guba da aka yi a garin Koko a 1988, wadda aka kwaso daga Italiya, shi ya haifar da hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekara. Dokar soja mai lamba 86 ta 1992 ta biyo baya, ita ce kuma har yau ake aiki da ita wajen nazarin tasiri ga muhalli, a ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da aka kafa a 1999. Shimfiɗa sabon layin dogo da fitar da reshe daga tsohon layi suna cikin ayyukan da dokar ta ce dole a yi musu cikakken nazari. Mai aikin ne ke ɗaukar ƙwararru ya biya su su rubuta rahoton, ma'aikata kuma ta baje shi ga jama'a na kwanaki 21 na aiki, sannan kwamitin masana ya zauna a kansa kafin a ba da izini ko a hana. Bisa al'ada ana auna iska da ruwa da ƙasa sau biyu, da damina da kuma rani, domin wurin da yake busasshe a watan Maris yana iya zama tafki a watan Agusta.

Kare gine-ginen tarihi kuwa yana ƙarƙashin wata doka ce daban, mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Duk ginin da aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa, ba a rushe shi ko a sauya masa fasali sai da izinin hukumar a rubuce. A Jihar Bauchi, Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, wanda ake danganta gininsa ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, da kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke cikin garin Bauchi, suna da irin wannan kariya. A nan ne giɓin yake: kariyar mai ƙarfi tana kan ginin da aka riga aka ayyana, alhali galibin tsofaffin tashoshi da sito-sito da gidajen ma'aikatan reluwe ba a ayyana su ba. Makomarsu takan rataya ne a kan ko masu rubuta rahoton muhalli sun ɗauke su a matsayin abin gado ko kuwa tarkacen da za a share a samu fili.

Layin Bauchi da Gombe

Tashoshin Bauchi da Gombe suna kan layin da aka miƙa daga Kuru, kusa da Jos, zuwa Maiduguri tsakanin 1958 da 1964, da bashin dala miliyan 28 wanda shi ne na farko da Bankin Duniya ya ba Nijeriya. Dogo ya isa Bauchi a 1961, ya isa Gombe a 1963. Layin mai ƙaramin faɗi ne, milimita 1,067, kuma gyaɗa da auduga da shanu ne suka raya shi, daga baya simintin Ashaka ya ƙaru a kai. Sunan unguwar BCGA a Gombe, wanda ya samo asali daga kamfanin Turawan Ingila masu gurzar auduga, shaida ne na wannan zamani. A watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin farfaɗo da layin Fatakwal zuwa Maiduguri, kuma shi ya sa tambayar abin da za a yi da tsofaffin gine-ginen kan hanyar ta zama ta yau.

Abin da masu nazari ke dubawa

Farkon abin da ake yi shi ne rubuta ginin kamar yadda yake, a auna shi, a ɗauki hotunansa, a ware sassan da darajarsa ke cikinsu daga waɗanda aka liƙa masa daga baya. A tsohuwar tasha, waɗannan sassa sukan haɗa da tagar sayar da tikiti, da rumfar da ke bisa dandamalin hawa jirgi, da allon sunan gari, da ma'aunin kaya da ke bakin sito. Tsarin da masana suka amince da shi tun daga Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan kula da gine-ginen tarihi shi ne a bar sabon ƙari ya bayyana a matsayin sabo, kada a ƙirƙiro tsufan da babu shi.

Sai kuma abin da ke ɓoye. Gine-ginen gwamnati na shekarun 1950 da 1960 da yawa suna da rufi ko silin na asbesto, wani ma'adini mai zare-zare wanda ba ya cutarwa sosai matuƙar yana zaune lafiya, amma da zarar an fasa shi sai ƙurarsa ta shiga huhu, cutar kuma ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Leburan da ya hau da guduma ya farfasa shi ya zubo ƙasa, yaran unguwa kuma suka kwashe ɓaraguzan, ya yi ɓarnar da babu mai ganinta a ranar. Haka nan katakon da ake shimfiɗa dogo a kai, wanda aka jiƙa da maganin gara mai warin kwalta, bai dace ya ƙare a murhun mai tuya ko mai shayi ba, ƙasar da kan jirgi ya daɗe yana zubar da baƙin mai a kanta kuma sai an gwada ta, musamman inda maƙwabta ke shan ruwan rijiya.

Girgiza ita ce babbar matsala ga ginin ƙasa. Soron da aka yi da tubali da azara, aka yi masa ɗaurin guga aka shafe da makuba, yana iya shekara ɗari idan ana kula da yaɓensa da indararonsa, amma ba a gina shi don ya jure wa injin dandaƙe ƙasa ko tarago masu nauyi da ke wucewa dare da rana ba. Tsagewar takan fara kamar zare a inda baka ya haɗu da bango, ruwan damina ya bi ta, gara ta bi azara, kafin a ankara rufin ya sauko. Saboda haka rahoton da ya amsa sunansa yakan ƙayyade tazara tsakanin dogo da irin wannan gini, ya sa a kafa na'urar auna girgiza, ya kuma saka Sarkin Magina da mutanensa cikin masu ba da shawara, domin injiniyan da ya saba da siminti ba lallai ne ya san cewa shafa wa bangon ƙasa siminti yana tsare danshi a ciki har ya cinye shi ba. A zahiri ma, soron ƙasa ya fi dacewa da zama ofis ko ɗakin baje kolin tarihi a gefen tasha, ba zauren da dubban matafiya za su riƙa turmutsutsu a ciki ba.

A Gombe, ruwa ne ke kan gaba. Garin yana cikin kwari a gindin tudun Akko, ƙasarsa kuma mai rairayi ce, don haka duk sabon rufi da filin ajiye motoci da aka shafe da kankare ƙarin ruwa ne da zai gangara da ƙarfi zuwa unguwannin da zaizayar ƙasa ta riga ta addaba. Kwalbatin da aka auna da yanayin garin a 1963 ba zai ɗauki ruwan garin yau ba.

Ragowar nazarin ya shafi mutane: 'yan tireda da masu abinci da 'yan dako da suka daɗe suna neman na tuwo a filin reluwe, da iyalan da ke zaune a gidajen ma'aikata, da cunkoson 'yan acaɓa da Keke Napep da tashar za ta jawo. Da yawa daga cikinsu ba su da takardar mallaka, saboda haka batun diyya da sauya matsuguni yakan fi kowane babi zafi a zaman jin ra'ayin jama'a, kuma rahoton da aka ajiye a sakatariyar ƙaramar hukuma cikin Turancin ƙwararru bai cika isa gare su ba sai an bi ta hannun masu unguwanni da gidajen rediyo an yi musu bayani da Hausa ko Fulatanci. Tun daga gyaran tsarin mulki na Maris 2023, wanda ya ba jihohi ikon shimfiɗa layin dogo da gudanar da shi, gwamnatocin Bauchi da Gombe ma suna iya zama masu irin wannan aiki, amma izinin muhalli na manyan ayyuka yana nan a hannun ma'aikatar tarayya da ke Abuja.